Abidjan: Yadda ake gano ƙofar da ruwa ke bi ya shiga ɗakin injin jirgi

Da sassafe a tashar jiragen ruwa ta Treichville, nan kusa da gadar Houphouët-Boigny, kowa sauri yake yi. Ma'aikatan ofisoshin Plateau, 'yan makaranta da jakunkunansu, mata masu kaya a ka, da 'yan uwanmu 'yan kasuwa da ke son tsallakawa kafin rana ta ɗaga, duk idonsu na kan jirgin da ke tahowa. Da wuya ka ga wanda ya kula da wani ɗan rami a haƙarƙarin jirgi, wanda lokaci-lokaci yake tsarto ruwa kamar bakin buta. Famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgin ne ke aikinsa. In ya tsarto sau ɗaya ya yi shiru, ba komai. In kuwa bayan 'yan mintoci ya sake, ya kuma sakewa, to akwai magana. Ruwa ya samu ƙofa, famfon kuma yana rufa mata asiri ne kawai.

Kowane jirgi yana iya yoyo, na katako ne ko na ƙarfe ko na faiba. Amma matsalar ta fi cin rai a ƙananan jiragen nan masu gudu da ake kira jet, saboda ƙofofin da ruwa ke iya bi a jikinsu sun fi yawa, kuma mafi yawansu a ɓoye suke a bayan inji, inda hannu ba ya kaiwa sai da dabara.

Gari a kan ruwa

Abidjan, babban birnin kasuwancin Kodibuwa mai mutane sama da miliyan 5, a bakin tafkin Ebrié yake zaune. Tafkin ya miƙe kimanin kilomita 130 a gefen teku, shi ne kuma ya raba unguwannin kudu irin su Treichville, Marcory da Koumassi da na arewa irin su Plateau, Adjamé da Cocody. An buɗe gadar Houphouët-Boigny a 1957, ta De Gaulle a 1967, ta Henri Konan Bédié a 2014, sannan ta Alassane Ouattara a 2023. Duk da haka cunkoson motoci bai bar mutane sun rabu da ruwa ba.

Kamfanin SOTRA, wanda aka kafa a 1960, ya daɗe yana jigilar jama'a da jiragensa na bato-bis tsakanin Treichville, Plateau, Abobo-Doumé da Blockauss. A 2017 wasu kamfanoni biyu masu zaman kansu, STL da CITRANS mai jiragen Aqualines, suka shigo harkar. Ga kuma pinas, jiragen katako na talakawa, waɗanda ke kai mutane lungunan da manyan jirage ba sa zuwa. Akasarin waɗannan da farfela ta waje suke tafiya. Jiragen jet kuwa an fi ganinsu a hannun masu shaƙatawa, a wajen Biétry da kuma Assinie a ƙarshen mako, har da baburan ruwan nan da ake ce wa jet-ski. Sai dai hanyar binciken yoyo kusan ɗaya ce ga kowa, shi ya sa mai pinas ma zai ƙaru da ita.

Yadda jet ke tafiya

Wani manomi ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Bill Hamilton ne ya gyara wannan fasaha har ta yi aiki a 1954, don yana son hawa kogunan yankinsu marasa zurfi, inda duwatsu ke karya farfela. Dabararsa ita ce a ɓoye farfelar a cikin bututu. Jirgin na zuƙo ruwa ta wani baki mai raga da ke ƙarƙashinsa, farfelar ta matsa shi, sannan ta harba shi ta wani ƙaramin baki a bayan jirgin. Ƙarfin harbin ne ke tura jirgin gaba. In direba ya murɗa sitiyari, bakin ne ke juyawa. In zai ja da baya, wani murfi mai kama da kwano ne ke saukowa ya karkatar da ruwan.

To ka ga, jirgin da kansa yake gayyato ruwa ya ratsa ta jikinsa. Sandar ƙarfen da ta taso daga inji zuwa farfela sai ta huda bangon bututun. Wayoyin sitiyari da na ribas sai sun huda bangon baya. Ruwan da ke sanyaya inji ko salansa daga wannan famfo ake ɗebo shi, ya bi ta tiyo-tiyo a cikin ɗakin inji, sannan ya fita. Kowace huda, kowace mahaɗar tiyo, ƙofa ce da aka toshe da roba ko danƙo ko kilif. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan tun daga masana'anta aka yi tsagar, aka kuma liƙe ta, aikin mai jirgi shi ne ya san wace liƙa ce ta gaji.

Kada a raina ɗan rami

Ga lissafi mai sauƙi. Rami mai faɗin santimita 2.5, wato kamar kaurin babban yatsa, in yana santimita 30 ƙasa da fuskar ruwa, yana shigo da sama da lita 40 a minti ɗaya. Jarka biyu ke nan ta lita 20 kowane minti. Tunda lita ɗaya nauyin kilo ɗaya ce, cikin awa guda an yi wa jirgin lodin abin da ya haura tan biyu. Kuma yadda jirgin ke ƙara nutsewa, haka ramin ke ƙara nisa a cikin ruwa, haka shigar ke ƙara ƙarfi.

Famfon kwashe ruwa ba ya fitar da adadin da aka rubuta a kwalinsa, domin tsawon tiyo, tudun da zai hau da raunin batir duk suna rage masa ƙarfi. In ruwa ya kai ga batir ko sitata, wuta ta ɗauke, famfon ma ya tsaya. Ruwan da ke kwance a ciki kuma ba ya zama wuri ɗaya: da jirgi ya karkata sai ya kwarara can gefen, ya ƙara masa karkata. Ta haka ne jirgin da ake ganin ɗan ruwa ne kawai a cikinsa yake kifewa a kwana.

Tambayar farko: yaushe yake shiga?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe murfin inji, a ga ruwa, a fara canza kaya da ka. Yau a canza tiyo, gobe a shafe ko'ina da danƙo, jibi a sayo sabon famfo, kuɗi na tafiya ruwa na nan. Makaniken da ya san aikinsa kafin ya ɗauki sifana sai ya tambayi mai jirgi: Maigida, yaushe kake ganin ruwan? Amsar ce ke raba masa hanya.

Kafin komai a tsane ɗakin inji ƙarƙaf da soso da tsumma, har sai ya bushe. Ba a gane sabon ruwa a cikin tsoho. Daga nan sai a bi matakai ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, jirgi na tudu ko a ɗaure, ba a taɓa shi ba, aka wayi gari da ruwa bayan an yi sama. A Abidjan wannan ba abin mamaki ba ne, musamman daga Mayu zuwa Yuli, lokacin babbar damina, da kuma Oktoba da Nuwamba. Wannan ruwan daga sama ya zo: robar bakin murfi ta mutu, ko magudanar da ke fitar da ruwan daɓen jirgi ta toshe da ganye da yashi. A sa yaro ya riƙa zuba ruwa da tiyo, daga ƙasa yana hawa sama a hankali, wani kuma na ciki da tocila yana kallo.

Na biyu, an sauke jirgi a ruwa, inji a kashe, amma ruwa na taruwa. Nan laifin na ƙasa da layin ruwa ne. A fara da abin da ya fi sauƙi, wato toshiyar magudanar baya. Sau da yawa an manta ba a ɗaure ta ba, ko zoben robarta ya tsage, ko yashi ya shiga zarenta. Daga nan a duba inda famfon ya haɗu da bangon baya, ƙusoshin da suka riƙe ragar ƙasa, wurin da wayoyin sitiyari da ribas suka ratsa, da kuma jikin jirgin kansa ko ya daki wani abu ya tsage. Ya fi kyau a yi wannan gwajin jirgin na kan tirela, an dai tura shi cikin ruwa ba a kwance shi ba, don in abin ya yi yawa a ja shi waje nan take.

Na uku, a kashe shiru, amma da an tayar da inji sai ɗiga ta fara. To hankali ya koma kan hanyar ruwan sanyaya da ta salansa: tiyon da ya tsage, kilif ɗin da ya saki, matatar yashi da murfinta bai zauna ba, ko tukunyar salansa da ta huje. Haka nan wurin da sandar farfela ta ratsa. A wasu jiragen wani baƙin zobe ne na kabon ke gogar zoben ƙarfe, wata roba mai kama da zuga-zugin maƙeri tana tura shi. A wasu kuma gidan boris ne mai sil da giris. In zoben ya cinye, ruwa ya shigo, iska kuma ta shiga famfo. Alamarsa ita ce ka ji inji na kuka sosai amma jirgi ba ya ja.

Na huɗu, a sulo lafiya lau, sai an taka wuta ruwa ke ambaliya. Dalili shi ne matsin ruwan da ke cikin famfo yana ƙaruwa da gudun inji. Tsagar da ba ta ko gumi a sulo tana iya feshi kamar famfon wankin mota in an buɗe wuta. Wasu jiragen suna da wata ƙofa ta sama da ake buɗewa a ciro dattin da ya naɗe farfela. In ba a mayar da murfinta ya kulle daidai ba, nan ma hanya ce. Wasu ƙananan kuma suna da siraran tiyo da ke amfani da zuƙar famfo su tsotse ruwan ciki. In ɗaya ya zare daga mazauninsa, sai aikin ya juye, ya riƙa kawo ruwa maimakon fitarwa.

Na biyar, ruwa ba ya shiga sai in akwai igiya, ko an sha kwana da gudu, ko an tsaya farat ɗaya ruwan baya ya dako jirgi. A duba mahaɗar gangar jirgi da rufinsa, wadda ke ɓoye ƙarƙashin robar gefe. Jirgin da kullum yake bugun dakalin tasha, nan yake fara buɗewa.

Ruwan ma yana magana

Ruwa ba ya tsami banza. A taɓa shi da bayan hannu: in da ɗumi, ta inji ko salansa ya biyo. In yana da launin kore ko ja ko shuɗi, da ɗan santsi, ruwan sanyaya ne na injin da ke da tasa rufaffiyar hanyar kamar lagireton mota, sai a duba tankinsa ko ya ragu. In da baƙin toka-toka a jikin bango, hayaƙin salansa ne ke fita tare da ruwa. A zaro ma'aunin baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga cikin injin kansa, kada a sake tayar da shi sai an gyara.

Akwai wata tsohuwar dabara ta matuƙan teku, a ɗanɗana ruwan: in da gishiri na waje ne, in babu na sama ne. A tafkin Ebrié wannan dabarar ba ta da tabbas. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, wanda ya ba da damar buɗe tashar jiragen ruwa ta Abidjan a 1951, ruwan teku ke shiga tafkin yana cakuɗa da na koguna. Da rani, wajen Janairu zuwa Afrilu, gishiri kan yi yawa. In damina ta kankama, ko kogin Comoé ya kawo, sai ya ragu ƙwarai. Ban da haka, kwatocin gari da na masana'antu a nan suke zubewa, ga mai da ruwan batir a ƙasan jirgi. Wannan ba ruwan da za a kai baki ba ne.

Kayan binciken ba su da tsada: tocila mai haske, ɗan madubi a kan sanda, takarda mai tsotse ruwa, da hodar jarirai ko garin alli. A barbaɗa hodar a busasshen bango kewaye da wurin da ake zargi. Ruwa zai zana hanyarsa a kai, sai a bi zanen zuwa sama har inda ya faro, domin inda ruwa ya kwanta ba nan ya shigo ba. Don gwajin gudu kuwa, a ɗaure waya a ɗakin inji tana ɗaukar bidiyo da fitilarta a kunne, a zaga a dawo a kalla. Ya fi a sa mutum ya zura kai kusa da sandar da ke juyawa.

Wasu kan juya gwajin: a ɗora jirgi a tirela, a zuba masa ruwa a ciki, a ga ta inda zai ɗigo a waje. Yana aiki wajen gano tsaga da toshiya, amma da sharaɗi. Kada ruwan ya kai sitata da wayoyi, a kuma tuna nauyinsa a kan tirela. Sannan akwai robar da ke riƙe ruwa ta fuska ɗaya ta sake shi ta ɗaya, don haka rashin ɗiga a waje ba shaida ba ce cewa komai lafiya.

Daga kwatar Adjamé zuwa bakin famfo

Adjamé ba unguwar jirage ba ce, unguwar tashoshin mota ce da kasuwanni, amma tana da hannu biyu a cikin wannan magana. Na farko shara. Ruwan saman da ya wanke Abobo da Adjamé ta kwarin Gourou yake gangarowa, ya ratsa mahaɗar Indénié, ya faɗa tafki ta wajen Cocody, ɗauke da leda da robobin ruwa. Tun 2013 gwamnati ta fitar da dokar hana ledoji, amma wanda ya leƙa tafkin bayan an ɗauke ruwan sama ya san inda aka kwana. Ga kuma kainuwa da danginta da ke rufe fuskar ruwa a wasu watanni.

Ga jirgin jet, leda ɗaya ta isa. Ta manne a ragar ƙasa, ruwan da ke shiga famfo ya ragu, ruwan sanyaya salansa ya yanke. Cikin ɗan lokaci hayaƙi mai zafi ya ƙona tiyon roba ko ya narkar da tukunyar salansa. Direba ya tsaya, ya cire ledar, ya ga inji ya tashi, ya ɗauka an wuce wurin. Alhali yanzu injin da kansa ne ke ɗura wa jirgin ruwa ta tiyon da ya ƙone. Saboda haka duk ranar da inji ya yi zafi ko ƙararrawarsa ta yi kuka, a bi tiyon salansa da hannu bayan ya huce, a nemi wurin da ya kumbura, ya yi laushi ko ya yi ƙauri.

Hannu na biyu shi ne kayan gyara. A Adjamé ba abin da ba a samu, sabo da na hannu, kuma nan mai neman sauƙi ke fara zuwa. Sai dai kayan mota daban, kayan ruwan gishiri daban. Kilif ɗin da zai shekara biyar a mota, a tafkin nan yana iya ruɓewa kafin damina ta zagayo. Wani za ka ga an rubuta masa inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, amma ɗaurin ne kawai mai kyau, ƙusar ta baƙin ƙarfe ce. Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu: in ya cafke ƙusar da ƙarfi, ajiye ta. Duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa, kilif biyu ake sa masa. Tiyon lagireton mota ba ya maye gurbin na salansar jirgi, danƙon liƙe tagar gida kuma ba ya zama a ƙarƙashin ruwa. Araha dai ba ta ado.

A kula da 'yan guntayen tutiyar nan da ake ɗaure wa famfo. An sa su ne don gishiri ya ci su a maimakon alminiyam ɗin famfon. In sun cinye rabi a canza, kuma ba a shafa musu fenti. In babu su, gidan famfon ne zai riƙa rubugewa, ya yi 'yan ramuka kamar allura ta tsattsaga shi.

Hattara ga mai gyara

Yaron da ya koyi gyaran mota a Maradi ko Kano ya zo Treichville yana neman na kansa, hannunsa zai yi saurin sabawa da injin jirgi, domin da yawansu 'yan uwan injin mota ne da na babur. Amma akwai abubuwan da gareji bai koya masa ba. Ɗakin injin jirgi rufaffe ne, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya. A buɗe murfi, a kunna fankar fitar da iska aƙalla minti 4 kafin a murɗa makulli, a kuma sunsuna. Ba a leƙa ciki da ashana ko sigari a baki. Sitata da alfaneta na mota suna tartsatsi a fili, na jirgi kuwa a rufe aka ƙera su saboda wannan dalilin.

In za a tayar da jet a tudu da tiyon famfo, a bi tsari: inji ake fara tayarwa sannan a buɗe ruwa, in an gama a rufe ruwa sannan a kashe inji. In aka juya, ruwa zai cika salansa ya gangara cikin silinda, ana murɗa makulli a lanƙwasa ƙarfe. Kuma ba a barinsa ya daɗe yana aiki a tudu, don zoben sandar farfela da ruwan tafki yake sanyaya.

Ga mai jirgi, abu mafi arha shi ne ɗan littafi da biro. Ya rubuta sau nawa famfo ya tashi a awa ɗaya, a tsaye da kuma a tafe. Ranar da lissafin ya ƙaru, ranar ce ta neman makanike, tun jirgin na ɗaure a gaɓa. Fasinja ma yana da nasa: in ka ga ruwa na taɓa takalminka, ko yaron jirgi bai ajiye bokitin kwasa ba tun da aka taso, ka yi magana, ka kuma tambayi inda rigar ruwa take kafin a yi nisa da tasha.